Ƙasa ɗaya, dokar hayaƙin mota iri biyu: mu a Sakkwato wacce muke bi?

Dan_Mabera82
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya nake da ita ga masana mota da masana doka. Camry ɗina tsohon yayi ce, 'yar Amurka. Wutar cek ta kama, aka sa mata kwamfuta, aka ce sensar da ke gaban indomi (matatar hayaƙi ta jikin salansa) ce ta mutu. Da na je saye sai mai shago ya ce sai ya san ko motar ta Kalifoniya ce ko ta tarayya. Ya ɗaga bonet ya nuna mini wata 'yar takarda manne a ciki, ga sunan Kalifoniya ɓaro-ɓaro. Ya ce sensarta daban ce, kuma ta fi tsada.

Abin da ya ɗaure mini kai: Kalifoniya ba jiha ba ce a cikin Amurka? Yaya jiha za ta sa wa kamfanin mota doka daban da ta ƙasa? In har haka na yiwuwa, mu ma jihar Sakkwato za ta iya kafa tata dokar hayaƙi? Duk wanda ya tsaya a shataletalen Dandima da la'asar ya san abin da muke shaƙa.

Usta_Garejin_Buzaye
Wa alaikumus salam. Ɗana, mai shagon ga gaskiya ya hwaɗa maka, ba kuɗinka yake so ya ci ba. Waɗansu Camry na ƙarshen shekarun 1990 da anka yi don Kalifoniya, sensarsu ta gaba irin mai auna iska da mai ce, ta hi ta sauran gane abu. In ka sa mata ta tarayya, ko soket ɗin ya shiga, burenbos, wato kwamfutar mota, ba ya gane maganarta. Mota ta dinga shan mai, cek ba ya mutuwa. Mun sha ganin haka. Ka je da lambar shasi a duba maka, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Zancen doka kuma na bar ma 'yan boko.

Injiniya_Gwiwa
Usta ya gama da ɓangaren ƙarfe, bari in ɗauki na tarihi.

Birnin Los Anjalis a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ga rana mai ƙarfi, ga motoci birjik. Tun shekarun 1940 wani hazo mai yaji yake rufe garin, idanu na hawaye, yara na tari. Da farko masana'antu aka zarga. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin mota ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da wannan hazo. Daga nan jihar ta fara sa wa motoci ƙa'ida tun gwamnatin tarayya ba ta farka ba. A 1967, lokacin Ronald Reagan na gwamna, ta kafa hukumarta ta kula da iska, CARB. Ita kuwa hukumar muhalli ta tarayya, EPA, sai 1970 aka kafa ta.

Da majalisar ƙasar ta zo yin doka, kamfanonin mota suka ce ba za su iya ƙera mota iri 50 don jihohi 50 ba. Sai aka hana kowace jiha yin tata ƙa'idar sabuwar mota, aka ware Kalifoniya kaɗai saboda ta riga kowa kuma matsalarta ta fi ta kowa. Amma da sharaɗi: duk ƙa'idar da za ta kafa sai ta nemi izinin EPA, kuma kada ta gaza ta tarayya tsanani.

Shi ya sa shekara da shekaru kamfani ɗaya kan fitar da mota ɗaya kala biyu. Ta Kalifoniya indominta ya fi inganci, wani lokacin sensa daban, wani lokacin har tankin mai da bututunsa an ƙara tsare su don kada tururin fetur ya riƙa fita. Motocin baya-bayan nan yawancinsu an haɗe, takardar bonet ɗin za ka ga ta ambaci duka biyun.

Dan_Mabera82
Allah ya saka, Injiniya. To sauran jihohin fa, hannu suka naɗe? Niyok ai ita ma cunkoso gare ta.

Injiniya_Gwiwa
An ba su zaɓi biyu ne kawai: ko su bi ta tarayya, ko su kwafi ta Kalifoniya yadda take, ba ƙari ba ragi. Ba a yarda a samu mota kala ta uku ba. Niyok da Masacusets da Oregon da wasu, jihohi sama da goma, Kalifoniya suke bi. Kuma kada ka ɗauka abin lafiya lau yake tafiya. A 2019 gwamnatin Trump ta janye wani izini na jihar, ta Biden ta maido shi a 2022. A shekarar ce jihar ta yi dokar cewa daga 2035 sababbin ƙananan motocin da za a sayar su zama masu lantarki ko makamantansu. A watan Yunin 2025 Trump ya sa hannu a soke izinin wannan, jihar ta garzaya kotu.

Barista_Runji
Ina so a raba abu biyu, domin in aka cakuɗa su ba za a fahimci amsar tambayar Malam Dan_Mabera ba.

Na farko, ƙa'idar da ake sa wa mota kafin a sayar da ita ko a shigo da ita ƙasa. Wannan ita Injiniya ya yi bayani. A Najeriya wannan na tarayya ne. Kwastan, cinikin ƙasa da ƙasa, da kafa hukumar ingancin kaya duk suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin injin fetur da na dizal tun 2011. Sama da wannan kuma akwai matsayar ECOWAS ta 2020, wadda ta ce motar da za a shigo da ita yankin ta kai matakin ƙa'idar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro 4. Majalisar dokokin jihar Sakkwato ba ta da hurumin ce wa Toyota ga yadda za ta ƙera mota, kuma sashe na 4(5) na tsarin mulki ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama.

Na biyu, binciken motar da ta riga ta hau titi. Rajista, takardar lafiyar mota, aikin VIO, waɗannan a hannun jiha suke. Legas da wannan ikon ta buɗe cibiyoyin gwajin mota da kwamfuta, inda ake duba birki da fitilu har da hayaƙi. Don haka amsar ita ce Sakkwato ba za ta zama Kalifoniya ba, amma babu abin da ya hana ta cewa motar da ke tuƙa baƙin hayaƙi ba za ta samu takardar lafiya ba sai an gyara.

Kabukabu_Gawon_Nama
Barista ranka ya daɗe, wannan na biyun shi nake tsoro. Ni da mashin nake ciyar da gida. Tun da aka cire tallafi a 2023 rabin abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa. Yanzu a ce ga wata takarda kuma. Mun san yadda abin ke tafiya: mai babbar mota a ɗaga masa hannu ya wuce, mu a tare mu a kwace makulli. Wallahi ba son hayaƙin muke ba, mu ne ma muka fi kowa shaƙarsa, tun safe har dare muna bayan salansar wani. Amma ringi da fiston ba kyauta ake ba da su ba.

Maman_Khalifa_Arkilla
Ɗan'uwa na ji kukanka kuma gaskiya ne. Amma ku ji nawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗana yana da asma. Ranar da muka bi ta wajen babbar kasuwa a keke napep muka maƙale bayan wata tsohuwar tifa, kafin mu isa gida numfashinsa ya fara fito. Daren nan ba mu runtsa ba. Kuɗin abin shaƙa da na asibiti ni ma ba kyauta ake ba ni ba. Wanda bai gyara injinsa ba ya tsira da kuɗinsa, amma wani ne ke biya, kuma yawanci yaro ne ko tsoho. Masu tallan da ke bakin titi, 'yan mata masu awara, almajirai a mahaɗar hanya, su wa ke magana a madadinsu? Ni ina goyon bayan jiha ta yi wani abu, ko da manyan motocin dizal kaɗai za a fara.

Kabukabu_Gawon_Nama
Allah ya ba yaro lafiya, Hajiya. In da tifa da tirela za a fara, ni ba ni da ja. Abin da na sani dai shi ne ba a taɓa farawa da su.

Usta_Garejin_Buzaye
Ku bari in hwaɗa muku inda gizo ke saƙa, don ni a ƙarƙashin mota nike wuni. Motar Dan_Mabera da ta hito kamfani ta hi motoci da yawa tsabtar hayaƙi. Amma mi munka yi ma irinta? Tun ba ta baro bakin ruwa ba wani ya kwance indomi, ya saida, ya walda bututu wayam. Wadda ta tsira can, sai a kai ta gyaran salansa a hwashe na ciki a zazzage. Akwai masu yawo gareji-gareji suna saye, don akwai ƙarahuna masu tsada a ciki.

Abin nan ciki kamar saƙar zuma yake, ramuka ƙanana, hayaƙi na bi ta ciki yana ƙonewa karo na biyu kahin ya hita. In babu shi, duk dahin da injin ya yi kai tsaye hancin mutane za shi. Sannan a zo a cire tamostat a ce wai ƙasarmu zahi gare ta, a haɗa hwanka kai tsaye. Da sanyin hunturu injin ba ya kai zahin da anka tsara mashi, burenbos ya yi ta ƙara mai. To wace doka ta Kalifoniya ko ta Abuja ta rage a jikin wagga mota? Takardar bonet kawai.

Matashi_Sahara
Baba Usta, da girmamawa, amma ni na ga motar da ba ta iya hawa gada, aka cire indomi ta dawo kamar sabuwa. Sabo na asali kuma kuɗinsa ya kusa kuɗin injin. Mai mota ya ajiye ta ke nan?

Usta_Garejin_Buzaye
Wanda ka gani toshewa ya yi, kuma ba haka kawai yake toshewa ba. Ko injin na shan baƙin mai, ko fulogi ya mutu ɗanyen mai na zuwa yana narka shi, ko man da ake sha ba shi da kyau. Ka cire shi ka bar ciwon, mota ta yi gudu, amma cutar tana nan. Ni abin da nike ce ma yarana: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, a duba ringi. Baƙi, mai ya yi yawa, a duba nozul da iyakilina da sensa. Hwari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne, a duba gasket. Ana samun indomi na Beljiyam mai sauƙin kuɗi in an nema.

Malama_Kimiyya
Usta ya taɓo mai, kuma a ganina nan ne tushen maganar. Ba a raba ƙa'idar mota da ƙa'idar mai.

Indomi yana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinsu su juya iskar kabon monoksaid, wadda ita ce ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, da ragowar man da bai ƙone ba, da iskar naitirojin oksaid, su koma abin da bai kai su illa ba. Abu biyu ke lalata waɗannan ƙarafa: dalma da farar wuta. Dalma an daina zuba ta a fetur a ƙasashenmu na kudu da Sahara tun farkon 2006. Farar wuta ita ce ta daɗe tana damunmu. Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Mu kuwa shekaru da dama dokarmu ta yarda dizal ya kai kashi 3000 cikin miliyan, fetur 1000. 'Yan kasuwar Turai suna haɗa man da ba za su iya sayarwa a gidansu ba su turo mana, kuma ba su karya dokarmu ba.

Shi ya sa matsayar ECOWAS da Barista ya ambata ta zo da abu biyu tare, Euro 4 ga mota da kashi 50 cikin miliyan ga mai. Dokar man fetur ta 2021 ita ma ta kama wannan adadi. Matatar Dangote ta fara fitar da dizal da fetur a 2024, wanda ya rage dogaro da na waje. To amma ko da jiha ta sayi na'urar gwaji mafi kyau, in man da ke cikin tanki gurɓatacce ne, laifin wa za a kama? Direba bai tace man ba.

Dan_Illela
Malama kin zo inda nake jira. Ku da ke cikin gari kuna maganar ECOWAS, mu nan ƙasar da muke kallo daga ƙofar gida ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce. Motar da ta kwana can ta yi sammako nan, ta nan ta wuni can. Nijar na da matatarta ta SORAZ a Damagaram. Lokacin tallafi mai daga nan yake tsallakawa, bayan an cire akwai lokacin da ya juyo. Wanda ke saye a galan wurin 'yan bumburutu bai san daga wace matata ya fito ba, balle abin da aka gauraya masa a hanya. Ranar kasuwar Illela ku zo ku ga motocin da ke ɗaukar shanu da albasa. Wace ƙa'ida ce ke kansu, ta yanki, ta ƙasa ko ta jiha?

Barista_Runji
@Dan_Illela, a takarda dai motar da ke kan titin Najeriya dokar Najeriya ce ke kanta, ko lambar ina ta ɗauka. Kuma tun Janairun 2017 an hana shigo da motocin sayarwa ta iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. Na san za ka ce takarda daban, daji daban.

Dan_Illela
Ka faɗa da bakinka, Barista.

Direban_Kwannawa
Salamu alaikum. Na ga an ce a fara da mu masu manyan motoci, to ga ni. Hajiya Allah ya ba ɗanki lafiya, ba na musun abin da kika gani. Amma ku sani mota ba tawa ba ce. In na ce wa mai mota nozul ya gaji, famfo na son gyara, cewa zai yi in ƙara tirif ɗaya tukuna. Ga lodi fiye da kima, dole ka taka ta yi baƙin hayaƙi in za ta hau tudu.

Sannan abin da Malama ta faɗa haka yake. Kan DAF ko MAN na zamani da ke zuwa daga Turai yana da matatar toka a salansa da tankin wani ruwa da ake zuba masa. Da dizal ɗinmu matatar kan toshe, mota ta rage ƙarfi da kanta a tsakiyar daji. Shi ya sa ake kashe abin a kwamfuta tun kafin ta fara aiki, wasu kuma suka koma Howo, da yawansu Euro 2 ne ko 3, ba ruwansu da wannan. In za a kama, a kama mai mota, kada a tsare direba a hanya.

Basakkwace_a_Landan
Ina bin zancen daga nesa. Abin da Barista ya kira na biyu shi ake yi a nan. Birnin Landan bai ce wa kamfani ya ƙera wata mota ba. Ya ɗauki matakan da ake da su ne ya ce motar fetur da ba ta kai Euro 4 ba, da ta dizal da ba ta kai Euro 6 ba, in ta yi yawo a cikin gari za ta biya fam 12.50 kowace rana. An fara da tsakiyar birni a Afrilun 2019, aka faɗaɗa zuwa dukkan Landan a Agustan 2023. Kamara ce ke karanta lamba, babu mai tare ka. An yi rigima sosai, kuma kukan da ɗan'uwanmu na Gawon Nama ya yi shi masu ƙaramin ƙarfi suka yi a nan, har aka ware kuɗi ana ba wasu su rabu da tsohuwar motar.

Abin da ke ci mini rai shi ne sanin inda irin waɗannan motoci ke ƙarewa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Duk lokacin da suka tsaurara tasu, abin da suka tsame mu yake iskewa.

Alhaji_Mai_Motoci
Yallaɓai na Landan, ka yi magana kamar zuba mana shara ake. Waɗannan motocin su ne motar asibiti, su ne tasi, su ne motar da malamin makaranta ya tara shekaru ya saya. Kwastan sun ce kada mota ta wuce shekara 12. ECOWAS na son a koma shekara 5 ga ƙananan motoci, 10 ga manya. Ku gaya mini mutum nawa a Sakkwato ke iya sayen motar da ba ta wuce shekara 5 ba a canjin dala na yau? In aka matsa, mutane za su ci gaba da lallaɓa tsofaffin da ke hannunsu har su ruɓe, hayaƙin ya ƙaru. Kuma ku lura, Euro 4 tun 2005 Turai ta fara aiki da shi. Duk motar da ta cika sharaɗin shekara 12 ta riga ta wuce wannan matakin daga kamfani. Matsalar ba shekaru ba ce, abin da Usta ya faɗa ne. A duba mota a tashar ruwa, in babu indomi kada ta fito.

Dalibin_Danfodiyo
Ni fa ina ganin ana ɗora wa mota abin da ba nata ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke rufe mu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi. Ga itacen girki, ga ƙona shara, ga janareta. Motocin Sakkwato duka nawa suke in aka gwada da Legas? Kalifoniya matsalarta mota ce, mu tamu daban.

Maman_Khalifa_Arkilla
Ƙanena, ƙura ba mu da iko da ita, sai dai takunkumi da addu'a. Salansa kuwa hannun mutum ne. Kuma ba a sama hayaƙin yake ba, daidai fuskar yaron da ke tsaye a bakin titi yake fita. Huhun da ƙura ta riga ta gajiyar shi ake ƙara wa toka. Itace da shara gaskiyarka ne, a yi maganarsu su ma, amma kada wannan ya zama dalilin barin wancan.

Malama_Kimiyya
Ƙari a kan na Maman Khalifa: hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji tun 2012. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna shiga can cikin huhu.

Injiniya_Gwiwa
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, ko yanki ya yi gaban kansa ko ya jira ƙasa. Indiya ta gwada. A 2010 ta sa matakin da suke kira Bharat 4 a manyan birane 13, har da Delhi, sauran ƙasar na kan mataki na 3. Sai 2017 aka haɗe ƙasar duka. Shekarun nan bakwai motar da aka yi wa rajista a wajen birni tana shigowa, babbar mota ta sha mai a wani gari ta ratsa ta cikin Delhi. Da za su ƙara gaba sai suka tsallake mataki na 5, suka shiga na 6 a Afrilun 2020, ƙasa duka lokaci ɗaya, mota da mai tare.

Kalifoniya ta yi nasara ne don kasuwarta babba ce, mutum kusan miliyan 39, babu kamfanin da zai iya juya mata baya, kuma tana da ɗakunan gwaji da ma'aikata. Da hannun CARB aka matsa wa Volkswagen har ta amsa a 2015 cewa ta sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke yaudarar gwaji. Ni a ganina Sakkwato ita kaɗai ba za ta iya ba. Tirelar da ta taso daga Legas ta ratsa jihohi da yawa kafin ta iso Kwannawa. Ko dai jihohin Arewa maso Yamma su haɗu a kan gwaji iri ɗaya, ko a matsa wa tarayya ta tsare tashar ruwa da ingancin mai.

Barista_Runji
Injiniya a nan mun rabu. In kowa ya ce sai maƙwabci ya shirya, babu mai farawa. Akwai abin da jiha za ta yi gobe ba tare da ta nemi izinin kowa ba: ta gwada motocinta na gwamnati da na 'yan kwangilarta, ta sa sharaɗin hayaƙi a takardar lafiyar motocin haya, ta sa ido kan masu sayen indomi kamar yadda ake sa wa masu sayen wayar lantarki. Misalinka na Kalifoniya ma ai jiha ce ta fara, ƙasa ta biyo.

Alhaji_Mai_Motoci
Na masu sayen indomi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu kanmu dillalai ana yi mana. Sai ka sayar da mota da zuciya ɗaya, bayan wata guda mai ita ya dawo yana cewa ka cuce shi.

Kabukabu_Gawon_Nama
Barista, in gwamnati ta fara da motocinta na gani da idona, ni da kaina zan kai mashin ɗina a gwada. Sharaɗina ɗaya: wanda ya faɗi gwaji a ba shi lokaci ya gyara, kada a ce tara nan take. Kuma a zauna da ƙungiyarmu kafin a rubuta komai.

Dan_Mabera82
To Injiniya ya ce jiha ba za ta iya ita kaɗai ba, Barista ya ce za ta iya rabin aikin. Barista, dokar NESREA ɗin nan ta 2011, jami'in jiha na da ikon aiki da ita, ko sai majalisar jiha ta yi tata?

Barista_Runji
Ƙa'idar tarayya ce, hukumar ce ke da alhakin aiwatar da ita, ko da yake dokar da ta kafa ta ta ba ta damar haɗa hannu da hukumomin jihohi. Hanya mafi tsabta ita ce jiha ta ɗauki adadin da ke cikin ƙa'idar ta sa shi cikin sharuɗɗan takardar lafiyar mota, don kada wani ya je kotu ya ce an ci karo.

Direban_Kwannawa
In za a rubuta, a rubuta cewa sunan da ke kan takardar mota shi za a bi, ba wanda ke riƙe da sitiyari ba. Sannan a kafa wurin gwajin a Kwannawa inda muke tsayawa dama, kada a sa tirela ta shiga cikin gari neman layi.